Tsohuwar Corolla ta 2005 da shan mai: a sayar ko a gyara?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Zariya. Bara na sayi Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giya otomatik, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano. Idan na cika tanki, mitar tafiya tana nuna 240 kafin wutar mai ta kama, sannan in sake cikawa da kimanin lita 42. Tun zuwanta bakanike ya cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, saboda zafin garinmu, yanzu kuma yana ba ni shawarar a cire abin tace hayaƙi na cikin salansa. Shin in sayar da ita in nemi wadda ta fi ta ƙanƙanta, ko kuwa akwai gyara?

Amsa: Malam, kafin a yanke wa motar nan hukunci, ya kamata mu fara gyara lissafin. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna ƙidaya tafiya ne da mil, ba da kilomita ba, kuma mil ɗaya ya kai kimanin kilomita 1.6. Saboda haka 240 ɗin da kake gani kimanin kilomita 386 ne, wanda idan aka raba da lita 42 zai ba da fiye da kilomita 9 a kowace lita, ba ƙasa da 6 ba kamar yadda mai yiwuwa ka ɗauka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta wa wannan mota kimanin kilomita 11 a lita a cikin gari, da kusan 15 a babbar hanya. Wato motarka tana shan fiye da ƙa'ida, amma ba ta kai munin da zai sa a rabu da ita ba.

Inda na fi zargi shi ne tamostat ɗin da aka cire. Wannan al'ada ta yaɗu a garejojinmu tun zamanin motocin kafireto, kuma sau da yawa ana haɗa ta da ɗaure fankar lagireto kai tsaye domin ta riƙa juyawa da zarar an tayar da inji. Injin motarka mai lita 1.8, wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE, kwamfuta ce ke auna masa mai, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da take dubawa shi ne zafin ruwan inji. Muddin ta ga ruwan bai yi zafin da ake buƙata ba, za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda take yi da sanyin safiya. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwan a cikin inji har ya haura maki 80 a ma'aunin Selsiyos kafin ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, mai tafiyar minti goma daga gida zuwa makaranta, musamman a lokacin hunturu, zai iya isa wurin aiki injinsa bai gama ɗumi ba. Motar da ke zafi fiye da kima tana da wata cuta ce daban, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta daina aiki, kuma cire tamostat ɓoye cutar yake yi kawai. Ka sa a mayar da sabo mai inganci, a kuma mayar da fankar kan tsarinta na asali.

Game da abin tace hayaƙi, wanda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, shawarata ita ce kada ka yarda a taɓa shi sai an tabbatar ya toshe. Cire lafiyayye ba ya rage shan mai, sai dai ya kunna wutar gargaɗin inji ya kuma ƙara warin hayaƙi. Yana da kyau ka san cewa akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa yake da kasuwa, kuma ba kowane mai ba da shawarar cire shi ne yake yi dominka ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a jona motar da na'urar bincike a ga ko na'urar auna iskar oksijin da ke jikin salansa kusa da inji tana aiki, domin idan ta tsufa takan yaudari kwamfuta ta ƙara mai.

Sauran ƙananan abubuwa ne: matatar iska da ƙurar hunturu ke saurin toshewa, filogi na ainihi, da iskar taya daidai da adadin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba. Ka kuma lura da ɗan maɓallin O/D da ke jikin sandar giya, domin idan alamarsa ta kashewa tana haske a gabanka, motar ba za ta shiga giya ta huɗu ba, kuma a hanyar Zariya zuwa Kano wannan asarar mai ce babba. Bakin mai kuwa, mai lamba 5W-30 ne Toyota ta tsara wa wannan inji, sannan ka riƙa duba sandar awonsa kowane mako saboda injin da ya yi shekaru yakan rage shi.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa sun yi gaggawar sauya mota, amma a ganina sayar da wadda ka riga ka san halinta, wadda kayan gyaranta ke samuwa a kowace kasuwa, domin sayen wata tsohuwar da ba ka san tarihinta ba, zai iya cinye ribar man shekaru. Bayan gyaran, ka cika tanki a gidan mai ɗaya kuma famfo ɗaya har sau uku, kana rubuta mil da lita kowane karo. Idan lissafin cikin gari ya kusanci kilomita 11 a lita, motar ta dawo hayyacinta.