Amsoshin tambayoyinku: kalkuleta da manyan lambobi

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Gwale. Ina son kalkuletar da za ta farfasa mini babbar lamba zuwa lambobin firam, wato waɗanda ba lambar da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. A Sabon Gari an nuna mini mai alƙaluma 12. In saya?

Amsa: Malam, kada ka saya. Wannan ta kanti ce, aikinta tarawa da debewa da ninkawa da rabawa, faɗin allonta ba zai yi maka komai ba. Nemi ta kimiyya mai rubutun FACT a saman wani maɓalli, kamar Casio fx-991EX. Jabu sun yi yawa, don haka gwada ta a gaban mai shago: rubuta 720720, danna =, sannan SHIFT da FACT. Ya kamata ta nuna 2⁴×3²×5×7×11×13. Lamba ce mai daɗin koyarwa, domin duk lambobin da ke tsakanin 1 da 16 suna raba ta ba saura, kuma masu raba ta gaba ɗaya 240 ne: ƙara 1 a kan kowane ƙarfi, wato ƙaramar lambar da ke saman firam (inda babu, 1 ne), ka ninka 5×3×2×2×2×2.

Amma ka san iyakarta. Ba ta karɓar abin da ya wuce alƙaluma 10, kuma firam ɗin da take gwadawa masu alƙaluma uku ne zuwa ƙasa, mafi girmansu 997. Abin da ya gagare ta sai ta bar shi cikin baka. A nan ɗalibai ke kuskure, su ɗauka firam ne. Ka ba ta 1,018,081 za ta dawo maka da ita yadda take, alhali 1009 ce aka ninka da kanta.

Muna roƙonka kada na'ura ta hana yara aikin hannu. Tun da 7×11×13 ya ba da 1001, in kana son sanin ko 7, 11 ko 13 na raba wata lamba, ka yanka ta uku-uku daga dama, ka debe, ka tara, bi da bi. Ɗauki 4,823,049: 49 a debe 823 a tara 4, ya zama 770 a ƙasa da sifili. 7 da 11 suna raba 770, 13 ba ta raba ta, haka ma uwar lambar take.

Tambaya: Ina sana'ar POS a Kantin Kwari. Duk lamba mai alƙaluma 16 da na shigar a Excel, ƙarshenta sai ya koma 0. Kwamfutar ce ta lalace in canja?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki, sabuwa ma haka za ta yi. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, na 16 ya mayar da shi sifili. Ki sa alamar ' kafin lambar, ko ki mayar da layin gaba ɗaya zuwa Text tun kafin ki fara shigarwa. Hakan zai kuma tsare sifilin farkon lambar waya. Waɗanda suka riga suka lalace ba sa dawowa, sai kin sake kwafo su daga rasit.