Shin fasahar nukiliya na iya gano nakiyar da aka binne?

Tambaya: Na ji ana cewa masana suna amfani da tururin nukiliya wajen gano nakiyoyin da aka binne a ƙasa. Yaya abin yake aiki, kuma me ya sa har yanzu masu kwance nakiya suke durƙusawa suna tono da hannu?

Amsa: Gaskiya ne, kuma gazawar na'urar gano ƙarfe ce ta jawo wannan bincike. Nakiyoyi da yawa jikinsu roba ne, ƙarfen da ke ciki ɗan kaɗan ne, don haka idan aka ƙara wa na'urar kaifi domin ta ji shi, sai ta riƙa kuka a kan kowace ƙusa da kwanson harsashi, kuma dole a tone kowanne a tsanake.

Ita fasahar nukiliya abin fashewar kansa take nema. Ana harba niyutiron, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke fitowa daga tsakiyar ƙwayar zarra, cikin ƙasa, galibi daga sinadarin kalifoniyam-252, kuma idan naitirojin ya haɗiye niyutiron da gudunsa ya ragu, a wasu lokuta yakan saki hasken gamma (wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani) mai ƙarfin 10.8 MeV (ma'aunin ƙarfin irin wannan haske), wanda da wuya a rikita shi da na wani abu. Naitirojin ya kai kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin TNT, da kusan kashi 38 na RDX, waɗanda abubuwan fashewa ne da ake zubawa a nakiya, alhali a ƙasar gona yawanci bai kai kashi 1 ba. Sojojin Kanada sun ɗora irin wannan na'ura a kan mota, amma aikinta tabbatar da wurin da wasu na'urori suka riga suka nuna ne kawai.

Akwai kuma hanyar da ta dogara da haidirojin da ke cikin roba da abin fashewa, wanda yake rage wa niyutiron gudu har wasu su dawo sama a ƙirga su. Matsalarta ruwa, domin shi ma cike yake da haidirojin. Shi ya sa ta fi dacewa da busasshen yashi irin na hamadar Masar, inda nakiyoyin yaƙin El Alamein na 1942 suke kwance har yau.

A ganina, abin da ya hana ta maye gurbin tono a fili yake. Ƙaramar nakiyar da ake ɗana wa mai tafiya a ƙafa ba ta da abin fashewa mai yawa, saboda haka sai na'urar ta daɗe a wuri guda kafin ta ba da amsar da za a amince da ita. Ga nauyin garkuwar da ke kare ma'aikata daga tururin, ga tsada, sannan ƙarfin kalifoniyam ɗin yakan ragu da rabi duk bayan kusan shekara 2.6, sai an sayo sabo.