Ga mai tambaya kan kai inkubeta gasar ƙere-ƙere

Salamu alaikum. Ƙanena na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari ne sai na samu natsuwa don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka haɗa inkubeta, wato injin ƙyanƙyasar ƙwai, da tsohon firij mai cin ƙwai 120, akwai gasar masu ƙere-ƙere nan da sati shida kuma kana so ka kai ta don a san ka, masana su ba ka shawara, amma kana tsoron kar a sace maka fasaha kuma ba ka san ta ina za ka fara ba. To ni sau uku ina kai irin wannan injin gasa, biyu a Kaduna ɗaya nan Zariya, na farkon kunya kawai na kwaso na dawo da ita gida, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Kafin komai ɗauko kalanda. Sati shida kwana 42 ne, ƙwan kaza kuma kwana 21 yake yi, kenan zubi biyu cif kake da shi in ka zuba yau, in ka tsaya sai ka gama fenti da sitika to saura ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da na yi a karon farko, na ɓata kusan wata guda ina gyaran jiki, na kai wa mai fenti a Sabon Gari ya fesa mata fari tas, na sa an rubuta sunana da manyan baƙaƙe, har da 'yar fitila mai launi a saman ƙofa don kwalliya. Ranar gasa wani dattijo cikin alƙalan, da gani malamin jami'a ne, ya zo bai ko kalli fentin ba, ya buɗe ƙofa ya sa hannu ciki ya ɗan jima, ya rufe, sannan ya ce min "ƙwai nawa ka zuba, nawa suka fito?" Na ce ai tana ƙyanƙyasa sosai ranka ya daɗe. Ya ce sosai nawa ne? Wallahi na tsaya ina sosa ƙeya, don ban taɓa rubutawa ba. Ya yi murmushi ya wuce teburin gaba wajen wani yaro da ya kawo injin ɓarar gyaɗa duk tsatsa, walda ko gogewa ba a yi ba, amma yaron na riƙe da littafin makaranta mai lanƙwasasshen bango da ya rubuta buhu nawa ya ɓare, a minti nawa, gyaɗa nawa ta farfashe. Sun fi minti ashirin a wajensa suna ta muhawara. Ni kuwa ko minti biyu ban samu ba.

Saboda haka ka sayi littafi yau ɗin nan. Duk safiya, azahar da dare ka rubuta zafi da danshi, ka rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita da yadda zafin ya sauka a tsakani. Zafin da ake so a inji mai fanka wajen digiri 37.5 ne zuwa 37.8, danshi kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, daga nan ka daina juya ƙwai ka ɗaga danshin zuwa 65 ko 70 kuma ka daina buɗe ƙofa. Kar ka yarda da lambar da na'urar daidaita zafi ke nuna maka kawai, waɗannan ƙananan na kasuwa suna iya yin ƙarya da rabin digiri ko fiye, kuma rabin digiri a kwana 21 ba wasa ba ne, ka sayi ma'aunin zafi irin na asibiti a kemis ka ajiye shi daidai tsayin ƙwai a tire na sama da na ƙasa da kusurwa, za ka sha mamakin bambancin da ke cikin firij ɗaya. Ni a tawa tiren ƙasa ne kullum ke makara da kwana guda, sai da na sauya wa fanka wuri.

Sannan ka raba lissafinka biyu, wannan masana suna lura da shi sosai. Akwai ƙwan da zakara bai taka ba tun asali, wannan ba laifin injinka ba ne, akwai kuma wanda ɗan tsako ya fara ya mutu a ciki, wannan naka ne. A kwana na 7 ka kashe fitila ka haska kowane ƙwai da tocila, mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda ya fito fayau ka cire ka rubuta. Waɗanda suka zama baragurbi a ƙarshe kar ka zubar haka nan, ka fasa a waje ka duba a wane mataki suka tsaya, wari dai akwai shi, ka toshe hanci. In ka ga ɗan tsako ya cika ya fasa ɓawo ya maƙale ya bushe, yawanci danshi ne ya yi ƙasa, kuma a hunturun Zariya wannan shi ne babban ciwon kai, iska a bushe ƙayau, faranti ɗaya na ruwa ba ya isa sai ka ƙara da soso a ciki. Da bazara kuma wajen Maris da Afrilu matsalar juyewa take yi, ɗakin kansa ya kusa 40 da rana, injin ya kashe ƙwan fitilar da ke ɗumama shi amma zafi ya ƙi sauka. Za a tambaye ka wannan. Ka tanadi amsa, ko da amsar ita ce "ban magance shi ba tukuna, ga abin da na gwada".

Af, kar ka sayi ƙwan kiret na shago ka zuba, na kajin keji ne babu zakara a wajen. Na san ka sani, amma na ga wanda ya yi. Ka nemi wajen mai kiwon da ke da zakaru, kuma kar ƙwan ya wuce sati da sakawa.

Maganar zubi na biyu. Babu abin da ke tara mutane a teburi kamar ɗan tsako yana fasa ƙwai a gaban idonsu, a karo na uku da na yi nan gida na ƙirga kwanakin ya faɗo daidai ranar, yara da manya suka yi cincirindo a gilashin ƙofa, wata yarinya 'yar firamare ta ƙi tafiya har sai da ta ga ya fito jiƙe sharkaf ya kwanta kamar ya mutu, ta fara kuka, na ce mata ki ba shi awa biyu, da ta dawo ta same shi a tsaye ya bushe yana tsiwa. Amma wannan ya yiwu ne don wurin kusa ne, a hankali muka ɗauko a bayan mota da batir a haɗe. In Kaduna ne ko Abuja ban ba ka shawara ba, ko Kaduna kilomita wajen 80 ce, irin wannan girgiza da ƙwai a kwanakin ƙarshe asara ce. Ka sa su fito kwana ɗaya kafin tafiya ka tafi da 'yan tsakin a kwali mai huji, ka ɗauki bidiyon fitowarsu da waya, a ga injin a ga littafin a ga kwanan wata. Ɗan tsako sabon fitowa yana iya kwana biyu ba ci don gwaiduwar da ya shanye, ɗumi ya fi buƙata da ɗan ruwa.

Wuta kuwa ka ɗauka babu ita a wajen. A zuwana na biyu masu shirya taron sun rubuta a takarda cewa kowane teburi akwai soket, muka je muka tarar soket ɗaya ne mu wajen goma, janareton ma sai bayan manyan baƙi sun iso aka tayar. Ka tafi da batirinka da doguwar waya da filaya da sukudireba da salatif da fis na ajiya, kuma da ka sauke kaya ka bi duk wayoyin ka matse, don hanya tana kwance su. Ka kuma iya lissafin batir da ka, don tambayar za ta zo: batir mai volt 12 da amfiya 100 a takarda wat 1200 ne na awa guda, amma irin mai ruwa rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, kenan in injinka na jan wat 60 kana da wajen awa 10. In ka faɗi haka tsaye ba inda-inda, kallon da ake maka yana canzawa.

Bayanin baki ka taƙaita shi, minti biyu, ka iya shi da Hausa ka iya da Turanci. Wace matsala, wa take damu, me ka yi, nawa ka kashe, nawa za ka sayar. Ka gwada a gaban mahaifiyarka ko wata mai kiwo a unguwa, in ba ta gane ba to ba alƙalan ne za su gane ba. Kar ka ce kai ne na farko a Afirka, don Allah. Mutanen Masar suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa masu ɗumi sama da shekara 2000 da suka wuce, kuma na Chana sun cika kasuwa. Abin da kake da shi da su ba su da shi shi ne taka ana gyara ta a Tudun Wada da kayan da ake samu a Sabon Gari, kuma ka san hunturu. A nan za ka tsaya.

Wannan ya kawo ni kan tsoron sata. Gaskiya ɗaya ce, firij da fanka da ƙwan fitila ba sirri ba ne, duk mai waya zai gani a YouTube. In akwai wani abu naka na kanka, misali yadda ka yi tire mai juyawa ko wata dabarar riƙe zafi in wuta ta tafi, to shi ne za ka yi tunani a kai kafin ka baje, don a dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira sai abu yana sabo ake masa rajista, abin da ka riga ka bayyana wa duniya ya daina zama sabo, rajistar kuma shekara 20 take yi. Hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira da wannan. In kana ganin naka ya kai, ka nuna yana aiki ka rufe cikinsa, ba dole sai ka kwance wa kowa ba. Amma yawancinmu ba sata ce ke kashe mu ba, ɓoyo ne, mutum ya shekara biyar da inji a ɗaki yana gadin sa har wani ya shigo da wanda ya fi shi arha.

Sanuwa da kake nema tana zuwa da nata. A 2012 an yi baje kolin Maker Faire Africa a Legas, wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare suka kai janareto da suka ce yana aiki da fitsari, hotonsu ya zaga duniya cikin 'yan kwanaki, bayan nan injiniyoyi suka taso da tambayar ko wutar da ake kashewa wajen raba sinadaran fitsarin ba ta fi wadda ake samu ba. Yaran sun yi ƙoƙari ba shakka, abin da nake nuna maka shi ne duk lambar da ka furta a gaban kyamara akwai wanda zai zauna ya auna ta. In 41 suka fito cikin 60 ka ce 41, kar ka ce kusan duka.

Shawara mafi amfani da na taɓa samu ma ba daga alƙali ta fito ba. Wata Hajiya ce mai kiwon zabi daga wajen Giwa, ta zo ta zagaya injin sau biyu, ta ƙwanƙwasa gefensa, ta ce "ɗana, ramukan tiren nan na ƙwan kaza ne, ƙwan zabo zai yi ta rawa a ciki, kuma mu kwana 28 muke jira, wa zai tsare min wuta kwana 28?" Sannan ta ce in na yi mai cin 60 da mace za ta iya ɗagawa ita kaɗai ta shigar ɗaki, za ta saya. Ban ci ko na uku ba ranar, satifiket ɗin halarta kawai aka ba mu, amma ƙaramar da nake sayarwa yanzu daga bakin matar nan ta fito. Don haka ka tafi da mutum ɗaya, ƙani ko aboki, aikinsa kawai ya rubuta duk abin da aka ce da lambar wayar wanda ya faɗa, don kai kana cikin surutu ba za ka riƙe ba. In an kushe kar ka hau kare kai, ka ce "da kai ne ya za ka yi?" sai ka ga mutum ya ja kujera. Ka buga 'yar takarda mai lambarka da hoton injin ko da guda 50 ce, kuma cikin satin ka kira waɗanda suka nuna sha'awa, in ya wuce haka sun manta ka.

Kuma kai da kake Zariya ban ga dalilin da za ka jira ranar gasa kafin masani ya ga aikinka ba. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI na nan Shika, su suka fitar da kazar ShikaBrown, ga cibiyoyin noma na IAR da NAERLS a Samaru, ga sashen injiniyan noma a ABU, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Ka sa kaya masu tsabta ka ɗauki littafinka da bidiyo ka je ka yi sallama, wani zai ce ba shi da lokaci, wani kuma zai zaunar da kai ya yi maka tambayoyin da za a yi maka ranar, gara ka sha su a ofis mutum biyu da ka sha su a gaban jama'a.

Ka karanta fom ɗin gasar da kyau kuma, wasu suna da iyakar shekaru ko girman kaya, wasu bidiyo suke so a fara turawa, wasu ma ba sa barin dabba mai rai a zauren, ka kira ka tambaya tun yanzu. Ka turo min hoton cikin firij ɗin ta gefe in ga inda ka sa fanka da farantin ruwa, kuma ka gaya min ko ka samu ƙwan, in ba ka samu ba akwai wanda nake karɓa a wajensa ranar Alhamis. Allah ya sa a dace.