Ku fara da tsofaffin waƙoƙinku

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyarku ta kiɗan rok ta daɗe da watsewa, yanzu an gayyace ku wasan sake haɗuwa, kana tambaya ko tsofaffin waƙoƙi za ku yi ko sababbi. Tsofaffin za ku yi. Waɗanda za su cika zauren nan sun zo ne su ji abin da suka yi rawa da shi suna samari, su bi ku da baki. In kuna da sabuwa da kuke alfahari da ita, ku saka guda ɗaya a tsakiya, bayan jama'a sun ɗau zafi.

Sharaɗin dai shi ne mai waƙarku ya gwada muryarsa tun ranar gwaji na farko. Murya tana sauka da shekaru, inda yake kaiwa a da ba lallai ya kai yau ba. Abin da na ga yana aiki shi ne masu jita da mai bes (jitar nan mai kaurin sauti) su sassauta dukkan tsirkiyoyinsu da rabin mataki, wato su ɗan saukar da sautinsu kaɗan, yatsu na nan inda suka saba, mai waƙa kuma ya samu sararin numfashi. 'Yan kallo ba za su lura ba, amma muryar da ta shaƙe a waƙa ta uku kowa zai ji ta.