Amsa ga 'yar ƙanena kan jiƙon kwalba da sigarin mijin yayarta

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaye ni ko al'ada ta yarda ki mayar da maganin da tsofaffin gidan mijin yayarki suke kawo mata tun da aka sallamo ta daga asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi bayan an cire mata maman hagu saboda sankara, da kuma ko ƙanwar mata tana da bakin yi wa mijin yayarta magana kan sigarin da yake sha a ɗaki.

Maganin ya fi damuna. Na san kwalbar da kike nufi: saiwoyi da sassaƙe jiƙe cikin akpeteshi, barasar gargajiya ta Ghana, har ruwan ya koma ja, ana cewa yana ƙara jini. A nan Aboabo na ga matan da salla ba ta wuce su, amma suna kurɓar cikin murfi safe da yamma da sunan magani. Saiwa ba ta kashe barasar da aka jiƙa ta a ciki, kuma jiƙon da muka tashi muka tarar a gidajenmu da ruwa ake yinsa, saboda haka kada wani ya laƙaba wa al'adarmu wannan kwalbar.

Macen da ta yi sankara a mama ɗaya ta fi sauran mata haɗarin wata sabuwa ta tsiro a ɗaya gefen. A shekarar 2009 masu bincike na cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka sun nazarci matan da suka yi irin sankarar da istrojin, wani sinadarin jikin mata, ke ciyarwa. Sun gano cewa mai shan barasa kofi 7 ko fiye a mako haɗarinta ya kusan ninkawa biyu, mai shan sigari nata ya haura ninki biyu, wadda ta haɗa duka biyun kuwa nata ya kai kimanin ninki 7. Barasa tana ɗaga istrojin a jini, sannan jiki yana juya ta zuwa wani guba mai lalata ƙwayoyin halitta. Idan an ɗora yayarki kan tamoksifen, wanda ake sha shekara 5 ko fiye don ya tare wa istrojin hanya, to shan jiƙon nan tamkar rufe ƙofa ne da hannun dama ana buɗewa da hagu.

Gaskiya ne ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na surukai, kuma matan nan ƙauna ce ta sa su. Ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, amma ko ɗigo kada ya shiga bakinta. Kada kuma ku ɓoye musu, domin gobe ma za su kawo wata. Faɗin ba naki ba ne. Ni ce tsararsu, ni zan zauna da su in ce likita ya hana.

Shi kuwa mijin yaya abokin wasanki ne, kuma nan matsalar take, domin duk abin da kika faɗa zai mayar da shi raha. Maganar da ta shafi rai ta hannun waliyyi take bi, don haka ki kai wa babanki ya kira shi su keɓe. Binciken Amurkan nan ya shafi masu sha da bakinsu, amma hayaƙin da wani ya busa an tabbatar yana jawo sankarar huhu da ciwon zuciya, ga yayarki kuma jikinta bai gama komawa ba. Dokar Ghana ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, sai dai ba ta shiga ɗakin kowa, wannan aikin dangi ne.

Ke ma ki nisanci shishar da 'yan mata ke zagayawa da ita a wajen biki, domin wadda yayarta ta yi wannan ciwo ta fi wasu haɗari. Ki riƙa raka ta asibiti duk ranar da aka ba ta, a duba maman da ya rage, kuma ta faɗa wa likita duk wani magani na gida da ta sha. Zan shigo ranar Juma'a bayan la'asar, ki ajiye mini kwalbar in tafi da ita wajen tsofaffin.