Amsa ga ɗan ƙanwata a kan zancen baftisma

Ɗana, saƙonka ya iso ni tun ranar Laraba, na bar shi ya kwana biyu don irin wannan magana ba a amsa ta a tsaitsaye. Ka ce tun taron matasa na bara ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ka kuma san ceto ta wurin bangaskiya yake, to don me za a zaunar da kai ajin baftisma wata da watanni, sannan a kai ka rafi a nutsar? Ka kawo ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji, ka ce shi ba a yi masa ba. A ƙarshe ka tambayi matsayin yarinyar nan ta Wusasa da kake nema, wadda aka yi wa tun tana jaririya.

A abu na farko kana da gaskiya, ruwa ba ya ceton kowa. Afisawa 2:8-9 ta faɗa a fili cewa alheri ne, baiwar Allah ce, ba aikinmu ba. Siman mai sihiri na Samariya an yi masa baftisma, amma da ya miƙa kuɗi yana neman sayen ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Gidan Karniliyus kuwa Ruhu ya sauko musu tun ba su taɓa ruwa ba. Amma duba abin da Bitrus ya yi a gidan nan. Bai ce tunda sun karɓi Ruhu shi ke nan ba, nan take ya umarta a yi musu baftisma. Ɓarawon da ka ambata hannuwansa da ƙafafunsa a kafe suke, numfashinsa na ƙarshe yake ja. Kai fa, ɗana, me ya kafe ka? Wanda ya cece ka shi ne ya ba da umarnin a Matiyu 28:19, shi da kansa kuma ya shiga Kogin Urdun a hannun Yahaya, alhali ba shi da zunubin da zai tuba a kai.

Bari in gaya maka yadda tawa ta kasance, don mahaifiyarka tana ƙarama a lokacin. Kakanka Bamaguje ne, yana da wurin tsafinsa a gindin tsamiyar bayan gida, ni ne kuma ɗan fari da zai gaje shi. Shekara biyu ina zuwa sujada, ina rera waƙa, ina sauraron mai bishara, bai taɓa ce mini uffan ba, a ganinsa yarinta ce za ta wuce. Ranar da ya ji an sa ranar baftismata, a ranar ya daina cin tuwo tare da ni. Shi da bai san ko harafi ɗaya na Littafi Mai Tsarki ba ya gane abin da ruwan nan yake nufi, wato ɗansa ya mutu ga tsohuwar hanya a bainar jama'a, ba komowa. Daga baya ne na karanta Romawa 6 na ga Bulus ma binnewa ya kira ta, binnewa tare da Almasihu da tashi zuwa sabuwar rayuwa.

Kafin ranar, dattawa suka tambaye ni ko akwai abin da nake riƙe da shi. Na kwance gurun da ke ƙuguna, na fito da layu uku na miƙa aka ƙone. Wannan bai yi mini wuya ba kamar abu na biyu. Akwai damin dawa da na ɗauke daga gonar maƙwabcinmu shekarar da aka yi fari, ba wanda ya sani. Wani dattijo ya karanta mana labarin Zakka mai karɓar haraji, yadda ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, na kwana ban runtsa ba. Da gari ya waye na ɗauki dami biyu a kaina na ratsa tsakiyar gari zuwa ƙofar mutumin. Har yau in na ji an ce tuba, nauyin damin nan nake ji a wuyana. Hawayen da aka zubar a taro suna da kyau, ban raina naka ba, amma ina so ka tambayi kanka ko akwai damin wani a rumbunka.

Zancen aji kuwa, ba zan ɓoye maka ba, al'adar ikilisiya ce, babu ayar da ta ce wata shida ko shekara. Ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa a yini ɗaya. Mutumin Habasha da ganin ruwa a bakin hanya ya tsai da karusa. Mai tsaron kurkukun Filibi cikin daren nan aka yi masa shi da iyalinsa. Sai dai mutanen Fentikos da na Habasha sun riga sun san Attaura da annabawa. Mu kuwa da bishara ta same mu ba mu san komai ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito, kuma a ƙauyenmu masu iya karanta shi ba su cika yatsun hannu ba. A ajin nan na koyi haɗa baƙi da wasali. A nan ne kuma ake warware maganar giya da bori da auren da aka riga aka ɗaura, don kada mutum ya shiga ruwa bai san abin da ya ɗauka ba. A ganina inda muke kuskure yanzu shi ne in aka mai da ajin kamar jarrabawar makaranta, ko aka bar mai tuba na gaske yana jira don fasto bai sami sarari ba. Duk da haka ka zauna. Yaron da ya iya zaman shekara huɗu a jami'a don takarda ɗaya, 'yan watanni ba za su gagare shi ba.

Sai yarinyar. Kada bakinka ya kuskura ya ce mata ba mai bi ba ce. Mutanen Wusasa sun riƙe sunan Yesu a ƙasar Zazzau tun kafin a kafa ikilisiyarmu ta ECWA a 1954, tun zamanin Likita Mila, ɗan mishan na Angilikan. Angilikan da Katolika da Lutheran na wajen Numan suna yi wa jarirai, hujjarsu ita ce gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya a Ayyukan Manzanni, da kuma kaciya da ake yi wa yaro a kwana na takwas a matsayin alamar alkawari. In yaro ya girma sai ya tsaya ya amsa da bakinsa a sujadar da suke kira tabbatarwa. Mu muna miƙa jariri ga Allah da addu'a, mu jira har ya tuba da kansa, domin a Ayyukan Manzanni 2:38 tuba ce ta riga. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar EYN da suka faro daga Garkida a 1923 ma nutsarwa suke yi, amma mutum a durƙushe, sau uku ta fuska. Ni na tsaya a kan tamu, da ita zan mutu, amma na binne abokai daga dukan waɗannan ikilisiyoyi waɗanda rayuwarsu ta fi tawa tsabta. In Allah ya yi auren ta biyo ka ikilisiyarmu, maganar sake baftisma tsakaninta ce da fasto da lamirinta, ba kai za ka tura ta ruwa ba.

Ran Lahadi bayan sujada ka sami fasto ka ba da sunanka. In an sa rana ka sanar da ni da wuri, ƙafata ba ta son doguwar tafiya yanzu, amma zan nemi mota in zo in tsaya a bakin rafin. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ya iso.

Kawunka.