Abokiyar aikina Ba'indiya ta mayar da fasfon ƙasarsu, ni ma sai na mayar da nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Lesta na Ingila, bara na samu takardar zama na dindindin. Abokiyar aikina 'yar jihar Kerala ta karɓi fasfon Birtaniya, aka soke mata na Indiya, ranar har kuka ta yi. Ta ce ni ma haka za a yi min. Hajiyarmu a Zariya ta ce kada in kuskura in sayar da ƙasata. Ga shi 'ya'yan Indiyawan unguwarmu suna jin yarensu, nawa kuwa daga "ina kwana" sun tsaya. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki kwantar mata da hankali, dokar da ta sa abokiyarki kuka ba ta hau kanki ba.

Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Dokarsu ta 1955 ta ce duk wanda ya zama ɗan wata ƙasa da son ransa ya tashi daga ɗan Indiya, dole ya miƙa fasfonsa a soke. Abin da ake ba shi a madadi shi ne katin OCI, wanda aka fito da shi a 2005. Da katin zai riƙa shiga Indiya ba tare da neman biza ba, ya yi aiki, ya sayi gida. Amma ba shi da ƙuri'a, ba ya riƙe muƙamin gwamnati, kuma ba zai sayi gona ba, sai dai ya gada. Kin ga ke nan kukan nata da dalili.

Ke kuwa, sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana ɗan ƙasa na haihuwa ƙara wata ƙasa ba, Birtaniya ma ba ta hana ba. Fasfo biyu za ki riƙe. Shawarata ki nemi zama 'yar Birtaniya da zarar takardarki ta cika shekara guda, kuma jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya (Life in the UK) da kika ci ba sai kin sake ta ba. Dalilina shi ne takardar zama na dindindin tana mutuwa idan mutum ya yi sama da shekara biyu a wajen ƙasar. Ba fata nake yi ba, amma idan jinyar Hajiya ta zaunar da ke a Zariya, wannan ƙa'idar za ta kama ki, ɗan ƙasa kuwa ba ruwanta da shi. Ki dai sani idan kina Najeriya, 'yar Najeriya ce ke, ofishin jakadancin Birtaniya ba ya shiga tsakaninki da hukumomin gida. Kada ki bari koren fasfonki ya mutu, ki tabbata sunan da ke kan NIN ɗinki ya yi daidai da na fasfo. Yaran ma sashe na 25 ya ba su zama 'yan Najeriya ta wajenki, ki yi musu nasu.

Maganar yare ita ce mai wuya. Akasarin Indiyawan da kike gani a titin Belgrave na Lesta 'yan asalin jihar Gujarat ne, kuma da yawansu ba daga Indiya suka zo kai tsaye ba. Daga Yuganda suka zo a 1972, lokacin da Idi Amin ya ba su kwana 90 su bar ƙasar. Hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Yuganda tana cewa kada su zo. Suka zo, suka buɗe shaguna, suka gina wuraren ibada, suka kafa makarantun ƙarshen mako, yau har jarrabawar kammala sakandare ta GCSE ake yi da yaren Gujarati. Aikin shekara hamsin kike kallo, kuma na taron jama'a ne. Mu namu haɗuwar sai suna ko Sallah, a ci tuwo a ɗauki hoto a watse.

To ki fara da abin da ke hannunki. A cikin gida kada ki amsa wa yaro da Turanci, ko da shi da Turancin ya yi miki magana. Kiran Hajiya ta WhatsApp ya zama nasu ne, ki miƙa musu wayar ki ba su wuri, ta yi musu tatsuniya ta yi musu tsiya irin ta kaka. In kin samu gida uku ko huɗu na Hausawa, ku ware awa ɗaya bayan Islamiyya ranar Asabar.

Akwai kuma darasi a harkar kuɗinsu. Indiya ce kan gaba a duniya wajen kuɗin da 'yan ci-rani ke turawa gida, tun 2022 abin ya haura dala biliyan 100 a shekara. Ma'aikaci yana da asusun banki na musamman a gida da sunansa, Kerala kuma tana da hukumar NORKA mai kula da 'yan jihar da ke waje, har adashi na hukuma ake yi musu ta intanet. Mu ma tun 2025 ana iya yin BVN daga waje. Ki buɗe asusu da sunanki, kuɗin cefanen Hajiya daban, na gini daban, takardar fili kuma sunanki ne zai hau, komai amanar ɗan'uwa.

Sai dai kada finafinan da muka taso muna kallo su sa ki zaci rayuwarsu duk rawa ce da waƙa. Ma'aikatan jinya da yawa da bashi suke fitowa, na makaranta da na ejan. An haramta kuɗin da iyayen amarya ke ba ango tun 1961, amma har gobe yana cinye albashin wasu. Abokiyarki ma yarenta Malayalam ne, ba Hindin da muka tsinta a fim ba, ita da 'yan Belgrave sai Turanci ke haɗa su. Ki tambaye ta yadda ƙungiyarsu ta 'yan Kerala ke tara kuɗi idan an yi rasuwa za a kai gawa gida, da wanda ke riƙe asusun, da nawa kowa ke zubawa.